Yadda Ake Gyara Zanen Ɗigo na Halittun Almara Har Su Fito Sarai a Kan Allo

Yawancin matasanmu na Makka da Jidda da Madina da suka kama zanen ɗigo, wato zanen da ake ginawa fiksel bayan fiksel (ƙananan ɗige-ɗigen da ke haɗa hoton allo) domin wasannin kwamfuta da na waya, ba ƙarancin basira ne ke damunsu ba. Kan yaro cike yake da dodanni masu ƙaho da fukafukai da wutsiyar wuta, amma da zarar ya zo sauke ɗaya daga cikinsu a filin da bai wuce ɗigo 32 a tsaye da 32 a kwance ba, sai halittar ta dagule, a rasa gane kai da gindi, kuma duk ɗigon da ya ƙara da niyyar gyara sai ya ƙara ɓata ta. Wannan bayani na wanda ya riga ya zana halittarsa ne, ya dube ta ya ga akwai abin da bai zauna ba, amma ya kasa gane takamaiman inda matsalar take. Abin da nake so ya riƙe shi ne, gyaran irin wannan zane yana da jeri: ana farawa daga ƙirar jiki gaba ɗaya a gangaro har zuwa ɗigo ɗaya, kuma duk hukuncin da za a yanke a kansa ana yanke shi ne a ainihin girman da ɗan wasa zai gan shi a kan allo.

Kayan aiki ba abin tsayawa a kai ba ne. Aseprite ita ce manhajar da masu wannan sana'a suka fi riƙo, kuɗinta wajen dala 20 ne, kusan riyal 75. Wanda bai da halin saye yana da LibreSprite da Pixelorama, dukansu kyauta, ko Piskel da ake buɗewa a intanet ba tare da an sauke komai ba, kuma mai aiki da waya yana da dotpict da Pixel Studio. Batun hukuncin zana abu mai rai kuwa magana ce ta malamai, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai tambayarsa gare su. Nan aikin hannu kawai za mu duba.

Domin kada magana ta tsaya a iska, zan riƙe halitta guda da na ƙirƙiro in yi ta misali da ita. Na sa mata suna Salkau. Jikinta na dabb ne, ƙadangaren sahara mai wutsiya mai ƙaya wanda ya yi kama da damo, tana da dogayen ƙahoni miƙaƙƙu irin na mariri, kuma a bayanta akwai tozo mai kama da salkar ruwa inda take tara raɓa. Mazauninta filin baƙin dutsen nan ne na kudu da Madina da ake kira Harrat Rahat, inda ƙasa ta yi aman wuta na ƙarshe a shekarar 1256.

Kafin ka taɓa ko ɗigo ɗaya, ka buɗe ƙaramar tagar dubawa wadda ke nuna zanen a girmansa na asali ko ninki biyu, ka ajiye ta a gefen allo, kada ka rufe ta har ka gama. Mai zane yakan zuƙo hoton ninki 16 ko 20 domin ya ga inda yake sa fensir, kuma a wannan girman kowane ɗigo yana da kyau, kowane ado yana da ma'ana. Ɗan wasa ba zai taɓa ganin wannan ba. Shi abin da zai gani ɗan abu ne da bai kai faɗin babban yatsa ba, yana gudu a kan allo, saboda haka duk bayan 'yan ɗige-ɗige ka ɗaga ido ka dubi ƙaramar tagar, ita ce alƙaliya.

Ƙirar jiki

Mataki na farko shi ne a kashe launi gaba ɗaya. Ka kwafi zanen zuwa sabon shafi, ka cika jikin halittar da baƙi ƙirin, ka bar bayanta fari, sa'annan ka nuna wa ƙaninka ko wani aboki da bai taɓa ganin ta ba. Ya kamata cikin ƙiftawar ido ya iya faɗa maka inda kai yake, inda ta fuskanta, yawan ƙafafunta, da kuma ko mai cutarwa ce ko mai lafiya. Idan ya tsaya yana juya waya yana tunani, to matsalar tana nan, kuma babu launi ko adon da zai ceci zanen har sai an gyara wannan baƙar siffar.

A zanen Salkau na farko, kamar yadda yake faruwa ga kusan kowa, ƙahonin sun kwanta a kan tozo, ƙafafu huɗu sun manne sun zama ginshiƙi ɗaya, wutsiya kuma ta naɗe a bayan jiki, sai baƙar siffar ta fito kamar buhu. Gyaran a nan buɗe sarari ne. An ɗaga ƙahonin sama aka karkata su baya kaɗan, ta yadda farin fili zai ratsa tsakaninsu da tozon. An bar tazarar ɗigo 2 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, domin tazarar ɗigo 1 takan toshe da zarar an zagaye jiki da layi. Wutsiya an miƙe ta waje, aka yi mata ƙaya 3 manya a maimakon ƙanana 9 da idon kowa ba zai raba ba. Farin da ke ratsa tsakanin gaɓoɓi yana aiki daidai da baƙin da ya yi gaɓoɓin, kuma masu koyo sun fi mantawa da shi.

Bayan haka sai a zaɓi abu ɗaya da halittar za ta yi suna da shi, a ba shi fili fiye da ƙima. Halitta mai ƙaho da fukafukai da tozo da haure da wutsiya biyu, kowanne da girma ɗaya, ba ta da abin da ido zai kama. Ka tsara gaɓoɓin babba da matsakaici da ƙarami. Ga Salkau, salkar ce babba, ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na tsayin zanen, ƙahoni ne matsakaita, ƙayar wutsiya ce ƙarama. Kai ma a irin wannan ƙaramin fili ana ƙara masa girma fiye da yadda yake a jikin dabbar gaske, domin a nan ido da baki za su zauna. Wannan dabarar ta daɗe. Lokacin da Shigeru Miyamoto ya zana Mario a wasan Donkey Kong na 1981, ƙarancin ɗigo ne ya sa ya ba shi gashin baki domin kada sai an zana baki, ya sa masa hula domin kada sai an motsa gashi, ya sa masa riga mai launi dabam da na hannuwa domin a ga hannu yana motsi. Ƙuncin fili shi ya haifar da kamannin da duniya ta sani.

Akwai wani abu da nake ganin ya fi kowace dabara muhimmanci ga mai son halittarsa ta zama tasa. Idan duk abin da ka sani game da dodo daga wasannin Japan da Amurka ka gan shi, to abin da zai fito daga hannunka kwafin kwafi ne, ko da ba ka yi niyya ba. Tomohiro Nishikado, wanda ya yi Space Invaders a 1978, daga halittun teku ya ɗauko dodannin wasan, dabbar nan mai hannuwa takwas da ƙaguwa da makamantansu, kuma mai kamar ƙaguwar ɗigo 11 ne kawai a kwance da 8 a tsaye. Mu a nan ba mu rasa abin kallo ba. Ka shiga kasuwar kifi ta Jidda da sassafe ka dubi abin da aka fito da shi daga Bahar Maliya, bakin kifin harid mai kama da na aku, da yadda ƙaguwa ke naɗe ƙafafunta. Ka dubi biran da ke zama a gefen hanyar Hada idan za a hau Ɗa'ifa, yadda babban namiji ke zama da gashin kafaɗa kamar ya yafa bargo. Ka dubi yadda raƙumi ke durƙusawa, gwiwar gaba ta fara sauka kafin ta baya. Ka ɗauki hoto, ka zana ainihin dabbar da ɗigo sau ɗaya ko biyu, sa'annan ka ɗauki gaɓar da kake so ka haɗa da wata. Inda gaɓoɓin biyu suka haɗu, kamar gindin ƙahon mariri a kan ƙoƙon kan ƙadangare, nan ne ya kamata ka yi tunani sosai, ka yi masa ɗan tudu ko kaurin fata, domin kada ƙahon ya zama kamar an soka shi ne daga baya. Tatsuniyoyinmu ma, da Dodo da Botorami da 'yan ruwa, ba su da tsayayyen hoto da kowa ya yarda da shi, wanda hakan ya bar wa mai zane fili mai faɗi.

Layi

Idan siffa ta zauna, sai a koma kan layin gefe. A zanen ɗigo babu layi mai santsi, kowane karkataccen layi matakala ce, kuma kyansa yana ga daidaiton matakan. Miƙaƙƙen layi mai gangara yana tafiya da ƙirga ɗaya ba canji: ɗigo 2, 2, 2, 2, ko 1, 1, 1, ko 3, 3, 3. Da zarar an sami 2, 2, 1, 3, 2, ido zai ga gargada ko da mai kallo bai san dalili ba. Lanƙwasa kuwa ƙirgarta tana raguwa ko ƙaruwa a jere, kamar 5, 3, 2, 1, 1, sa'annan ta juya ta hau 2, 3, 5 a ɗaya ɓangaren. Idan ƙaramin adadi ya faɗo tsakanin manya biyu, kamar 4, 1, 3, to nan ne bayan halittar ya karye. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya ga yadda yake ƙirga zare kafin ya soka allura, ya san cewa tsallake zare ɗaya kan karkatar da zanen gaba ɗaya, kuma haka layin ɗigo yake.

Ka bi gefen halittar a hankali daga hanci har wutsiya kana ƙirga. Ƙahonin Salkau an ja su da 2, 2, 2 har ƙarshe, domin ƙahon mariri kusan miƙaƙƙe ne, salkar kuwa an zagaye ta da 4, 2, 1, 1, 2, 4. A kowace kwana ka duba ko akwai ɗigon da ya yi kusurwa mai kauri, inda ɗigo uku suka haɗu suka yi siffar ƙugiya; ka cire na tsakiya, layin zai koma siriri, ɗigo na taɓa ɗigo ta kusurwa kawai. Aseprite da wasu manhajojin suna da zaɓin da ke hana fensir yin wannan ninkin tun wurin ja, kuma yana da kyau a kunna shi. Sa'annan ka juya zanen dama ta koma hagu ka sake duba shi. Ido yakan saba da karkata har ya daina ganin ta, juyawar nan take tona ta.

Haske da duhu, sa'annan launi

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mai zane ya bi gefen jiki da duhu ta ko'ina, ya yi ta ƙara haske yana shiga ciki har tsakiya ta fi ko'ina fari. Sakamakon shi ne halitta kumburarriya marar ƙashi, domin babu hasken da ke sauka a kan abu haka sai in daga idon mai kallo yake fitowa. Ka tsayar da inda rana take tun farko, galibi sama ta hagu ko sama ta dama, ka sa ɗan alama a kusurwar shafi domin kada ka manta, kuma duk halittun wasa ɗaya su bi wannan wurin. Daga nan ka ɗauki kowace gaɓa a matsayin siffa mai sauƙi: salka ƙwallo ce, wuya da ƙafafu da wutsiya gwangwani ne, kai akwati ne mai ɗan zagaye. Gefen da ke kallon rana ya sami haske, ɗaya gefen duhu, kuma iyakar da ke tsakaninsu ta bi lanƙwasar gaɓar. Kada a manta da inuwar da gaɓa ke jefawa kan 'yar'uwarta. Layin duhu mai kaurin ɗigo 2 a ƙarƙashin salka, inda ta zauna a kan baya, da wani a ƙarƙashin haɓa, su suka sa Salkau ta yi nauyi, kuma ƙafafun da ke can ɗaya gefen an cika su da launin duhu baki ɗaya domin su koma baya.

Ka gwada aikin ta hanyar mayar da zanen ruwan toka na ɗan lokaci. Idan kai da jiki da salka suka narke suka zama toka iri ɗaya, launukanka sun bambanta a suna ne kawai, nauyin haskensu ɗaya ne, kuma dole a ɗaga wani a sauke wani.

Yawan launi shi ma yana buƙatar takunkumi. Na'urar wasa ta Famicom ta 1983 launi 3 kacal take ba kowane ɗan hoto mai motsi, ban da wurin da aka bari a buɗe, Game Boy ta 1989 matakai 4 na haske da duhu take da su gaba ɗaya, Super Nintendo kuma ta kai launi 15, kuma da wannan aka zana halittun da har yau ake tunawa. Ga zane mai ɗigo 32, launi 6 zuwa 10 sun wadatar. Ka buɗe jerin launukan zanenka ka ƙirga. Idan ka tarar da 25, za ka ga da yawansu 'yan uwan juna ne da ido ba ya rabawa, sai ka haɗe kowane biyu masu kama su zama ɗaya har jerin ya sauko.

Abin da ya fi raba gwani da ɗan koyo a wajen launi shi ne yadda ake yin duhu da haske. Ɗan koyo yakan ɗauki launi ɗaya ya ƙara masa baƙi domin duhu, ya ƙara masa fari domin haske, sai zanen ya fito kamar an shafa masa toka. Gwani yana karkatar da launin kansa: yayin da yake duhu yana matsawa wajen ja da shunayya ko shuɗi, yayin da yake haske yana matsawa wajen rawaya. A ma'aunin launi na manhaja, wanda ke zagayawa daga 0 zuwa 360, ja yana kan 0, ruwan goro wajen 30, rawaya 60, kore 120, shuɗi 240. Fatar Salkau launin rairayi ce, don haka an ajiye tsakiyarta a kan 35, haskenta a kan 48, duhunta a kan 20, mafi duhu kuma ya tsallaka ja ya koma 345, wato jan da ya gangara shunayya. Ƙarfin launi an bar shi ya fi yawa a matakan tsakiya, ya ragu a can sama wajen haske. Wannan mafi duhun an yi amfani da shi a fata da ƙaho da salka baki ɗaya, kuma raba launi ɗaya tsakanin gaɓoɓi yana ɗaure zanen ya zama jiki guda, yana kuma rage ƙirga. Salkar ita kaɗai aka ba shuɗi mai ɗan kore, domin abin da ya kamata ido ya fara kamawa shi ya cancanci launin da babu irinsa a sauran jiki.

Wanda haɗa launi ke ba wahala yana iya ɗauko shiryayyen jeri daga shafin Lospec, ko jerin launi 16 na PICO-8, wata manhajar ƙera ƙananan wasanni, ya tilasta wa kansa zama a cikinsa. Ni dai na fi son a ɗauko daga abin da ke kewaye da mu. Saƙar Sadu ta makiyaya, da ja da baƙi da fari da ruwan ƙasa, jeri ce cikakkiya, haka ma zanen bango na matan Asir da ake kira Al-Qatt, mai shuɗi da kore da rawaya da ja a kan fari. Hoton baƙin dutse da aka ɗauka dab da magariba yana ɗauke da shunayya da ruwan toka da ruwan goro waɗanda ba za ka taɓa tunanin haɗawa da kanka ba.

Share tarkace

Yanzu aka zo kan ɗigo ɗai-ɗai. Ka nemo duk ɗigon da ke zaune shi kaɗai, ba ya manne da wani mai launinsa, ka tambayi kanka aikin da yake yi. In ba ƙyallin ido ba ne ko tsinin ƙaho, mai yiwuwa tarkace ne, ka goge shi ko ka haɗa shi da maƙwabtansa su zama gungu mai siffa. Fatar dabb cike take da ɓawo, kuma jarabar da ke kama mai zane ita ce ya zana kowane ɓawo, sai jikin ya koma kamar allon talabijin da ya rasa tasha. Abin da ya fi shi ne a sa gungu 3 ko 4 masu ɗigo biyu ko uku a daidai iyakar haske da duhu, a bar sauran fatar a share, ido zai cika ragowar da kansa.

Ka kuma lura da wurin da layin launi ya bi layin gefe sau da ƙafa, mataki a kan mataki, tsayi ɗaya. Wannan jeruwar tana fito da matakalar a fili, tana sa gefen ya yi kauri ya dushe. Maganinta a gajarta ɗaya ko a tsawaita shi domin kada ƙarshensu ya zo daidai. Yayyafin launi biyu a tsarin dara, wanda tsofaffin wasanni ke yi domin samar da launi na uku, yana da amfani a sararin sama ko babban bango, amma a jikin ƙaramar halitta mai motsi ƙazanta yake zama, gara a bar shi. Sassauta matakala da ɗigo mai matsakaicin launi a cikin kwana yana da kyau a cikin jiki, misali tsakanin hasken salka da duhunta, amma kada a yi shi a wajen layin gefe, domin launin da ya dace da farin bango zai zama ƙura a kan baƙi.

Ido ya cancanci a daɗe a kansa, domin ɗigo ɗaya a nan yana canza halin halittar gaba ɗaya. Idon Salkau ɗigo 2 ne a tsaye, na sama fari, na ƙasa mafi duhu, kuma a haka tana kama da dabba mai tsoro da ke shirin gudu. Da aka ɗora ɗigo 2 masu duhu a kansa, na wajen hanci ya sauko mataki ɗaya, sai ta murtuke fuska ta zama abin gudu. Da aka kwantar da idon ya zama ɗigo 2 a kwance, sai ta zama tsohuwa mai gyangyaɗi. Ka kwafi kan sau biyar ko shida a jere, ka canza ido kawai a kowanne, ka zaɓa a ƙaramar taga.

Layin gefe kuma ya danganta da inda halittar za ta tsaya. Baƙin layi a zagaye yana fito da ita a kan kowane bango, amma yana sa ta yi tauri. Layi mai launin mafi duhun jiki ya fi taushi, kuma ana iya sassauta shi a gefen da rana ke bugawa. Tun da Salkau a kan baƙin dutse za ta yi yawo, baƙin layi ɓacewa zai yi, hasken fatarta ne ke raba ta da ƙasa, shi ya sa ba a ba ta duhun jiki ba tun farko. Ka ɗora halittarka a kan bango uku, mai duhu da mai haske da ainihin na wasan, sa'annan ka tura ta waya ka fita da ita tsakar gida da rana. Duhu biyu da ke rabuwa sarai a ɗaki mai labule da na'urar sanyaya ɗaki sukan zama ɗaya a ƙarƙashin ranar Hijaz, kuma da yawan masu wasa a mota ko a bakin shago suke yi.

Motsi da fitarwa

Kada a fara motsa halitta sai tsayayyen zanenta ya gamsar, domin kowane kuskure zai ninku da yawan hotunan. Numfashin tsayuwa hoto 2 zuwa 4 ya isa, tafiya kuma 4 ko 6 ko 8. Ka fara da manyan matsayai biyu, inda ƙafa ta fi buɗewa da inda ta haɗe, ka kunna zaɓin da ke nuna hoton baya a dushe a ƙarƙashin wanda kake zanawa, sa'annan ka cike tsakani. A nan ma kallon dabbar gaske yana biya. Raƙumi yana ɗaga ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya tare, shi ya sa yake rangaji, ƙadangare kuwa yana ɗaga ta gaba ta dama tare da ta baya ta hagu yana lanƙwasa jiki. Salkau tafiyar ƙadangare aka ba ta, amma salkar tana makara da hoto ɗaya, jiki ya sauka ita tana sama, jiki ya tashi ita tana saukowa, kuma wannan makarar ce ke gaya wa mai kallo cewa akwai ruwa a ciki. Aseprite tana ba kowane hoto kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa in ba a canza ba. Ka tsawaita hoton da ƙafa ta taka ƙasa idan kana son nauyi. Idan motsin ɗigo ɗaya cur ya yi yawa, kamar a numfashi, ka bar gefen inda yake ka matsar da haske da duhun ciki kawai.

Wajen fitarwa, ka adana hoton a tsarin PNG, domin tsarin JPEG yana cakuɗa gefen launuka ya lalata aikin. Idan za ka ƙara girma domin nunawa, ka ninka da cikakken adadi, 4 ko 6 ko 8, kada ka yi ɗaya da rabi, in ba haka ba wasu ɗige-ɗigen za su fi wasu faɗi. Wannan ne ya sa masu wasanni da yawa ke gina allonsu a kan 320 da 180, wanda ninki 4 ɗinsa ke ba da 1280 da 720, ninki 6 kuma 1920 da 1080. Idan za ka tura wa abokai a WhatsApp domin su duba, ka tura shi a matsayin fayil, saboda hoton da aka tura kai tsaye ana matse shi ya dushe. Kuma kada ka tambaye su ko ya yi kyau, domin kunya za ta sa kowa ya ce ma sha Allah. Ka tambaye su wace irin dabba suka gani, ina take kallo, da abin da idonsu ya fara sauka a kai. Wanda zai saka halittar a cikin wasa kuwa, ka ba shi ita a girman asali ba ninki, dukan hotunan a jere a takarda ɗaya, kowanne a cikin gida mai faɗi da tsayi iri ɗaya, bayansu a buɗe ba launi, tafin ƙafa kuma a kan layi ɗaya a kowane gida domin kada halittar ta riƙa tsalle a inda ya kamata ta tsaya.